Mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: wa inshorar lafiya ta sani a Kano?

Duk mai sallah a masallacin unguwa a cikin birnin Kano ya san wannan tsayuwar. Liman zai yi sallama, kafin mutane su gama tasbihi sai ka ga wani ya miƙe daga sahun baya da takarda a hannu, ya yi sallama da muryar da ba ta son fita. "Bayin Allah, iyalina ce kwance a asibiti." Wasu su laluba aljihu, wasu su sunkuyar da kai, wasu kuma su ɗauki takalmi su fice, don an sha yaudararsu da irin wannan takarda. Na daɗe ina cikin masu miƙa ɗari biyu su wuce. Sai a daminar 2024, bayan wata sallar Isha'i, wanda ya miƙe ɗin ya zama maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu.

Ɗan adaidaita sahu ne, babur ɗin ma ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum. Naƙuda ta zo wa matarsa da gardama, ga jijjiga, likita ya ce sai an yi mata aiki a daren. Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin mutumin nan ya roƙi ko kwandala ba. Abin da aka tara masa a masallaci bai kai kuɗin jini leda ɗaya ba, don haka na bi shi asibitin. A takardar da aka ba shi akwai safar hannu, ruwan ƙari, allurai, zaren ɗinki, auduga, da jini leda biyu. Muka tsaya a tagar biyan kuɗi, irin mai ƙarfen nan da 'yar kafa a ƙasa. Ma'aikacin da ke ciki ya ce da shi, "Malam, ka yi haƙuri, wallahi ba ni da yadda zan yi, sai na ga shaidar biya." Ba mugunta ya yi ba, a fuskarsa ma ka ga abin ya dame shi. Maƙwabcina ya koma gefe ya jingina da bango, ya kira wansa a Kurna, "Yaya, don Allah ko nawa ne ka turo." Ya kira mai babur. Ya kira surukinsa, abin da kunya ba ta taɓa barinsa ya yi ba. Kusan awa biyu muka yi kafin kuɗin su haɗu, ita kuwa tana ciki a kan gado, lokaci yana tafiya.

A aljihuna a daren akwai katin inshorar lafiya. Ni ma'aikaci ne, duk wata ana yankar wani abu daga albashina, kuma da iyalina ce a kan gadon nan da ban tsaya a bakin tagar ina kiran dangi ba. Tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ni da shi unguwarmu ɗaya, sauron da ke cizona shi ke cizonsa, kuma a cikinmu shi ya fi ni buƙatar katin nesa ba kusa ba, don ni ko ba komai ƙarshen wata zai zo, shi kuwa ranar da bai fita ba tukunya ba ta hawa wuta.

In ka tayar da maganar wa ya kamata a fara yi wa magani idan kuɗi ba su isa kowa ba, sai ka ji an ce subhanallahi, ai rai ba a yi masa farashi, wannan ba magana ce ta mai imani ba. Na fahimci inda masu faɗar haka suka dosa. Amma ni na tsaya a bakin tagar nan, na ga yadda ake yin wannan zaɓen kullum, dare da rana, ba tare da wani ya zauna ya yi shawara ba. Wanda ke da kuɗi a hannu ya shiga, wanda ba shi da su ya koma gida ya jiƙa saƙe-saƙi, ko ya tsaya a kemis a haɗa masa na ɗari biyar. Tunda dai zaɓen nan ba makawa ana yin sa, ra'ayina shi ne a fito da shi fili, a yi shi da ƙa'idar da kowa ya sani kuma zai iya ƙalubalanta, a daina barin aljihu shi kaɗai yana yanke hukunci.

Dokoki kam ba mu rasa su ba. Tun 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka fara aiki da ita a 2005 zamanin Obasanjo, da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. A 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. A nan Kano, a 2016 aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, zamanin Ganduje. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta koma NHIA, aka ce inshorar lafiya ta zama tilas a kan kowa, aka kuma yi alƙawarin asusun da zai ɗauki nauyin marasa galihu miliyan 83. Duk da wannan jerin, har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun maras lafiya da danginsa suke fitowa, a daidai lokacin da ciwon ya kayar da shi.

Dalili a fili yake. An gina tsarin a kan albashi, don albashi ne ke da sauƙin yanka. Kano kuwa ba garin albashi ba ne. Garin Kantin Kwari ne da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai, garin ɗan dako da mai shayi da tela da mai ɗinkin hula, da matar da ke cikin gida tana suyar awara yara suna kai mata talla. Waɗannan su ne mafi yawan mutanen garin, kuma su ne tsarin bai san da zamansu ba sai in sun kawo kansu da kuɗinsu.

Ko a cikin masu albashin ma akwai wani ciwo da ba a cika faɗa ba. Tsarin tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. In kana son ƙari sai ka biya daban. Ina da aboki mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga mahaifiyarsa a gidan tana fama da hawan jini. Ranar da aka ba shi fom ya zo wurina da shi a ninke, muka zauna a dakalin ƙofar gida. Layi ɗaya ne na mata, layi huɗu na yara. Ya ce, "Malam, wa zan rubuta? In na sa uwargida, amarya ce mai haihuwa yanzu. In na sa amarya, me zan ce da wadda muka sha wahala tare?" Cikin yaran akwai guda mai sikila, wannan ba gardama shi ne na farko. Sauran ukun fa? Ya raba biyu da ɗaya tsakanin ɗakuna? Mutumin da addininsa ya wajabta masa adalci tsakanin matansa, takarda ta tilasta masa ya fifita ɗaya da hannunsa. Mahaifiyar kuwa, wadda a wurinmu ita ce gaba da kowa, babu ma layinta.

Na san amsar masu lissafi, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Za su ce in mai 'ya'ya biyu da mai 'ya'ya goma sha biyu suna biyan abu ɗaya, to na farkon yana ɗaukar nauyin na biyun, kuma asusun ba zai jure ba. Gaskiya ne asusu yana da iyaka. Amma ai ita inshora ɗaukar nauyin juna ce tun asali: lafiyayye yana ɗaukar maras lafiya, saurayi yana ɗaukar tsoho. Yaro na biyar bai zaɓi ya zo na biyar ba. In uba ya yi abin da wasu ke ganin ganganci ne, ba yaron ya kamata zazzaɓi ya hukunta ba. Abin da nake gani shi ne a cire yara ƙanana da masu ciki daga wannan lissafin gaba ɗaya, a ce duk yaron da bai kai shekara 5 ba da duk mai juna biyu a jihar nan suna da haƙƙinsu a kan asusun gwamnati, ko ubansu ma'aikaci ne ko ɗan garuwa, ko ɗa na fari ne ko na goma. Nijeriya, ƙasar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'ya'yanta ne, bai kamata tana tambayar mai naƙuda a wane layi sunanta yake ba.

Mai katin ma ba a aljanna yake ba, kada a ɗauka haka. Na sha kai yarona wani asibiti da katin, a duba shi, a rubuta magani huɗu, in je ɗakin magani a ba ni farasitamol da wani guda, a ce sauran biyun babu, in je waje in saya. Kullum masu tsadar ne babu. Akwai ranar da na lura wanda ya zo bayana da kuɗi a hannu an ba shi abin da aka ce da ni babu. Raina ya ɓaci ƙwarai, sai da wani likita da muka yi makaranta tare ya warware mini yadda abin yake. Ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya an shekara fiye da goma wannan kuɗi yana kan naira 750. A cikin waɗannan shekarun aka cire tallafin mai a 2023, darajar naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya tattara ya bar ƙasar, farashin irin su Augmentin da abin shaƙar masu asma ya ninninka. Sai daga baya aka ƙara kuɗin. Ga kamfanonin da ke tsakani, waɗanda kuɗin ke bi ta hannunsu, da asibitoci ke kukan suna riƙe musu haƙƙi wata da watanni, kuma in aiki ya wuce na matakin farko sai an jira lambar amincewa daga wurinsu kafin a taɓa maras lafiya.

Ka ga an jefa likita cikin tsaka-mai-wuya. Duk maganin kirki da ya ba mai kati, asibitinsa ne ke asara. Duk wanda ya rage wa, asibitin ya samu sauƙi. Ba na wanke wanda ya ɓoye magani, zalunci ne a karɓi kuɗin mutum tun kafin ya kwanta sannan a ce masa babu. Amma tsarin da ya mayar da gaskiya asara, kada a yi mamaki in masu gaskiya sun yi ƙaranci a cikinsa. Haka dokar 2014 ta ce haramun ne asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Madalla. To wa zai biya asibitin kuɗin jinin da ruwan? Kashi 5 cikin 100 kacal na asusun lafiya a matakin farko da dokar ta kafa aka ware wa agajin gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa ma'aikacin taga yake cewa sai ya ga shaidar biya, don in bai gani ba wataƙila daga albashinsa za a cire.

Akwai masu cewa mutanen Kano ba sa shiga inshora saboda suna ganin haramun ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an cika kambama ta. Malamai sun daɗe da rarrabe abin. Tun 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta ce inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke neman riba da ita a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, ba ta halatta ba, amma ta taimakon juna ta halatta. Kuma muna da hadisin Ash'ariyyawa a Buhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Kalmar taimakekeniya da aka zaɓa a Kano ta dace da wannan. Bahaushe bai taɓa zama baƙo ga gayya da gudummawa ba.

Abin da ke hana mutane ya fi kusa da abin da maƙwabcina ya tambaye ni bayan ƙura ta lafa, da na ce masa ya kamata ya yi rajista. Ya ce, "Malam, in na biya, shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, ana dawo mini da kuɗina?" Na ce a'a. Ya ce, "To ai gara adashi, ko ba daɗe kwasata za ta zo." Ba jahilci ba ne wannan. Mutumin da abin da ya samu yau shi zai ci yau, ka ce ya cire kuɗin shekara ya miƙa wa ofishin da bai san kowa a ciki ba, don ciwon da bai zo ba, alhali ga kuɗin makaranta da ya riga ya zo. Uwar adashi ya san gidanta. Gwamnati kuwa ya ga 'yan fansho suna bin haƙƙinsu har su mutu. Kuma garin nan bai manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Asibitin Zana, yara 11 cikin waɗanda aka yi gwajin da su suka rasu. Yarda abu ce da in ta zube ba ta kwasuwa da sanarwar rediyo.

Sannan in an bar shiga a kan ganin dama, su wa za su zo? Mai ciwon siga, mai ciki wata bakwai, wanda likita ya riga ya ce sai an yi masa aiki. Lafiyayyun samarin kasuwa ba za su zo ba. Asusun da masu ciwo kaɗai ke zuba masa kuɗi ba ya kai labari. Wannan ne ya sa dokar 2022 ta ce tilas. Amma ta yaya za ka tilasta wa mai shayi? Ka kama shi? Ka ce ba za a duba ɗansa ba sai ya nuna kati? Ai ka koma gidan jiya, ka hukunta wanda ka ce za ka ceta.

Ni dai ban ga wata hanya ba face kuɗin talaka su fito daga haraji da dukiyar ƙasa. Ghana ta yi haka tun 2003, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan masarufi ta ce na inshorar lafiya ne, kuma duk da matsalolinsu na jinkirin biyan asibitoci, rabon mutanensu da ke da kati ya fi namu nesa. Mu kuwa a Abuja shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. An sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai siga, amma ba a ɗaure kuɗin ga lafiya ba. A Kano an yi abin kirki a 2017 da aka kafa asusun tallafa wa harkar lafiya na jiha, KHETFUND, aka ce kashi 5 na kuɗin shigar da jiha ke tarawa a cikin gida da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi 44 su riƙa shiga ciki. Abin da ya rage mana mu 'yan jiha shi ne mu riƙa tambaya duk wata uku: nawa aka zuba, nawa aka fitar, wace mazaɓa cikin 484 na jihar ta gani a ƙasa? A liƙa amsar a bangon kowane asibitin sha-ka-tafi da Hausa, ta boko da ta ajami. Da Amurka ta janye tallafinta a farkon 2025 kowa ya ga yadda maganin masu cuta mai karya garkuwar jiki da na tarin fuka ya rataya a wuyan baƙi. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana.

Ga kuma zakka da waƙafi. Garin da ke da attajirai irin na Kano, da hukumar zakka da hubusi tun 2003, bai kamata a ce mace na mutuwa don jini leda biyu ba. Na san akwai saɓanin malamai kan ko za a iya zuba zakka a asusun gama-gari, tunda da yawa suna sharɗanta a mallaka wa fakirin abin a hannunsa. To a zauna a warware, ko ta hanyar biya wa fakiri sananne kuɗin rajistarsa da izininsa. Waƙafi kuwa ba shi da wannan takurar. Shago goma a Kwari da aka tsayar da hayarsu ga ɗakin haihuwa guda zai yi abin da rabon atamfa da shinkafa a bakin ƙofa bai taɓa yi ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini nauyi. A ce kuɗin sun samu, ba za su taɓa isar komai ba. Ko Ingila, da ke duba kowa kyauta tun 1948, tana da hukumar da ke zama ta ce wannan maganin tsadarsa ta fi amfaninsa, ba za a saya ba. Mu namu gwajin shi ne ciwon ƙoda. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, kowane zama dubban gomomi, har ƙarshen rayuwa ko har a samu dashe. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, ƙwarewar tana nan, amma kuɗin miliyoyi ne, bayan dashen kuma ga magani na har abada. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashin jihar, naira 71,000, albashinsa na wata ba zai kai shi ƙarshen mako na biyu ba. Na ga gidan da aka sayar da fili, aka sayar da gwal ɗin mata, aka cire yara daga makaranta, bayan wata takwas aka yi jana'iza, aka bar marayu da bashi.

Kuɗin da zai riƙe mutum ɗaya a kan injin wanki shekara guda zai yi wa yara masu ɗimbin yawa maganin zazzaɓin cizon sauro, ko ya sayi maganin hawan jini na unguwa guda. In kai ne riƙe da asusun, ina za ka kai su? Ina faɗar nawa ra'ayin ne da sanin cewa gobe ni ne zan iya zama a kan injin nan. A fara da abin da ke kashe mutane da yawa kuma maganinsa ke da araha: awo da haihuwa da tiyatar masu naƙuda, jinin gaggawa, zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙarin yara, rigakafi, kulawar masu sikila. Mun ga abin da mashaƙo ya yi wa yaran Kano a 2023, cutar da allura ke hanawa. Sannan gwajin hawan jini da siga da maganinsu su zama kyauta ko kusa da kyauta, domin su ne manyan hanyoyin da ke kai mutum ga wankin ƙodar tun farko. Ƙwayar da ba ta kai kuɗin kati na waya ba a yau, ita ce ke tsare miliyoyin gobe.

Amma ba zan yarda a ce da mai ciwon ƙoda ko daji ya je ya mutu ba don lissafi bai ba shi gaskiya ba. A yi musu asusu na daban, a faɗi ko nawa ne a ciki, likitoci da malamai da wakilan marasa lafiyan su zauna su tsara ƙa'idar wanda za a fara da shi, a rubuta ta kowa ya gani. Wasu za su rasa, wannan ba makawa, kuma zai yi ciwo. Sai dai a yanzu ma ana rasawa, kuma wanda ke samu shi ne wanda ya san wani, ko wanda hotonsa ya yi yawo a Facebook ya taɓa zukata, ko wanda aka sa kukansa a rediyo wani ɗan siyasa ya ji ya biya aka ɗauki hoto. Allah ya saka wa masu bayarwa, ni ma ina turawa in na gani. Amma tsohuwar da ke can cikin lungu a Gwammaja ba ta da jikan da ya iya rubutu mai sa kuka, ita wa zai ji ta? Kuma duk ƙa'idar da za a kafa, sai ta hau kan masu kafa ta. Muddin shugaba zai yi kwana fiye da 100 yana jinya a Landan, kamar yadda muka gani a 2017, da wuya wanda ke riƙe da kasafi ya ji zafin layin da bai taɓa tsayawa a ciki ba.

Watanni kaɗan bayan daren nan namu, a Nuwamban 2024, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa tiyatar haihuwa za ta zama kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarta. Na yi murna da jin haka, don hanyar da nake fata ke nan. Na kai wa maƙwabcina labarin, ya saurara, ya ce Allah ya sa, sannan ya tambaye ni wane asibiti ne, wace ƙofa ake bi, kuma jinin ma yana ciki?

Matarsa ta tashi, yarinyar ma tana nan tana gudu a tsakar gida. Adashin da yake zubi don ya sayi babur nasa na kansa shi ya tafi a biyan bashi, har yanzu balas yake kaiwa. Kwanan nan ya gaya mini an sake samun rabo, kuma a wurin awo an ja masa kunne cewa saboda ɗinkin wancan karon kada a kuskura ta haihu a gida. Ya samu gwangwanin madara ya huda murfin, duk dare in ya dawo yana jefa abin da ya sawwaƙa. Ya ce lissafinsa saura wata huɗu.